Moto na ɗaukar zafi yana mutuwa cikin cunkoson kasuwa: ina ciwon yake?

Wani ƙanenmu ɗan kabu-kabu a nan Maradi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da moto mai inji 125, shekara biyu ke nan a hannunsa. Da safe lafiya lau, kan hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa ma lafiya lau. Amma da zarar ya kutsa cunkoson Babbar Kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, tsakanin sha biyu da la'asar, sai inji ya ɗau zafi har ya ji a ƙwaurinsa, ƙarfi ya ragu, wata ƙara ta taso kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wani lokaci ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Ya ce yakan sayi piyawata biyu ya fasa a kan injin. Abokinsa ya ba shi shawara ya ɗaura ɗan lagireton mai. Ya kuma tambaya game da mai ƙafa uku na ɗaukar kaya na yayansa, wanda injinsa ke sanyaya da ruwa amma yana tafasa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da kasuwa. Da piyawatan zan fara, don shi ya fi gaggawa: daga yau ka daina. Kulas ɗin motonka, wato kan silinda, sanholo ne, dangin ƙarfen da maƙera ke zuba tukunya da shi. A irin wannan tsayuwar zafinsa kan haura digiri 150. Ka ɗauko ruwa daga cikin kular mai ƙanƙara ka watsa masa, gefen da ruwan ya taɓa ya tsuke nan take, ɗaya gefen yana nan a buɗe. Ba lalle ya tsage ran farko ba. Kaɗan-kaɗan yake karkacewa, sai wata rana ka ga mai na tsatsafowa ta bakin juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da silinda, ko farin tangaran ɗin buji, wato fulogi, ya dare. Na san abin da za ka ce: ai ruwan sama ma na dukan inji da damina. Haka ne, amma ruwan sama yana samunsa yana tafiya, iska ta riga ta rage masa zafi, kuma yayyafi ne ta ko'ina, ba ambaliya a wuri ɗaya ba. Bayan haka, zafin da ke damunka a ciki yake, wurin fistan da mai. Ruwan da ka zuba fata kawai ya sanyaya.

Ka gane yadda abin yake tukuna. Daga isansin da ka zuba, abin da ke komawa tafiya bai wuce kashi 1 cikin 4 ba, sauran duk zafi ne. Wutar da ke tashi cikin silinda a kowane bugu tana haura digiri 2000, alhali sanholo na narkewa a 660. Abin da ya hana fistan zama ruwa shi ne wutar ba ta daɗewa, kuma ana kwashe zafin da sauri. Wani ya bi salansa ya fita. Wanda ya rage, a moto irin naka, abu biyu ne kaɗai ke ɗaukarsa: iskar da ke ratsa haƙarƙarin nan na jikin silinda da kulas, da kuma baƙin mai, wanda ke kwaso zafi daga ƙarƙashin fistan ya kai shi gindin inji ya huce. Babu fanka, babu ruwa. Gudunka shi ne fankarka. In ka tsaya bayan kamiyon da ke sauke buhunan wake, fanka ta mutu amma wuta na ci. A watan 4 da na 5, lokacin da rana ke haura digiri 40 a inuwa, ƴar iskar da ke kaɗawa ma ta gaso a kan kwalta da salansar adaidaitar da ke gabanka.

To amma ga maganar da nake son ta zauna maka. Da cunkoso kaɗai ke kashe moto, da duk kabu-kabun da ke bakin kasuwa ranar Juma'a sun mutu lokaci ɗaya. Ba haka ake gani ba. Goma na tsaye, guda ne ke turawa. Waɗannan injuna, Boxer ne, Haojue ne, Kasea ne, an ƙera su da sanin za su tsaya cikin zafi. Moto mai lafiya zai yi zafi a cunkoso, ka ji shi a ƙafa, amma ba zai yi ƙarar tsakuwa ba, ba zai mutu ba. Naka da ke yi, akwai ciwon da iskar babbar hanya ke rufa wa asiri, cunkoso kuma ya tona. Ciwon za mu nema.

A garejina, in an kawo irin wannan, hannuna kan murfin mai yake fara sauka kafin in tambayi komai. Bazarar bara wani yaro ya turo motonsa tun daga wajen Kadro, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Injin na ta ƙas-ƙas-ƙas yana hucewa, ga ƙauri kamar an bar man ƙosai ya ƙone a kasko. Na zaro sandar awo, na goge da tsumma, na mayar, na sake zarowa: busasshiya, sai ɗan baƙi a can bakinta. Muka kwance ƙusar ƙasa muka tara kwano. Abin da ya fito bai cika kofin shayi biyu ba, baƙi ƙirin, tsinkakke kamar ruwan bunu. Na ce masa yaushe rabonka da juye, wato canjin baƙin mai? Ya ce tun kafin azumi, wai yana ƙara kaɗan in ya tuna. Da muka buɗe, jikin fistan ya yi zane-zane kamar an goga shi a dutsen niƙa. Fistan sanholo ne, hannun rigar silinda kuwa baƙin ƙarfe. Sanholo ya fi saurin kumbura da zafi, in babu mai tsakaninsu sai ya cika ramin ya kama. Jika biyu da ya yi tattali ta ja masa fistan, sagma (zobban fistan), gyaran silinda da kwana uku babu aiki.

Injin waɗannan babura abin da yake ɗauka duka-duka wajen lita 1 ne, wasu ma 0.8. Mota mai lita 4 in ta rasa kofi guda ba ta sani ba. Kai in ka rasa kofi guda ka rasa kashi mai yawa na abin da ke sanyaya maka inji, kuma ɗan abin da ya rage yana zagayawa da sauri bai samu ya huce ba. Mai na aikinsa da daɗi tsakanin digiri 80 da 110. In ya daɗe sama da 120 sai ya tsinke, ya fara ƙonewa, ya ragu, zafi ya ƙaru, ya ƙara tsinkewa. Haka abin ke cin kansa.

Don haka kowace safiya, kafin fasinjan farko, ka ɗora moto kan doguwar ƙafa a wuri mai daidai, ka duba. A yawancin baburanmu ba a murɗa sandar in za a auna, ɗora ta ake yi a bakin ramin a zaro. Mai 20W-50 nake ba mutane a zafin nan namu, kuma ka duba bayan galan ka ga an rubuta JASO MA ko MA2. Wannan alama ce ta man moto. Kulocin moto cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota na da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Kuloci mai zamewa kuwa murhu ne na biyu a cikin injinka. Man awo da ake ɗurawa daga jarkar da ba ta da suna, da galan ɗin da hatimin murfinsa ya taɓu, ka bar wa mai shi. Batun lokacin juye, littafin moto zai ba ka kilomita da yawa, amma ni ga ɗan kabu-kabun Maradi 1000 zuwa 1500 nake cewa. Dalilina: agogon kilomita ba ya ƙirga tsayuwa. Minti 40 da ka yi kana rarrafe daga bakin kasuwa zuwa tasha, agogo ya rubuta kilomita 2, mai kuwa ya sha wuyar da ta fi ta zuwa Madarunfa.

In mai ya fita daga zargi, sai buji, wanda ƴan uwanmu na Katsina ke ce wa fulogi. Shi ne ɗan rahoton inji. Ka kwance shi bayan ka yi tafiya, ka dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, lafiya. Baƙi mai kunkunniya, isansi ya yi yawa; asarar kuɗi ce amma ba ta ƙona fistan. Fari fat kamar alli, nan ne hatsarin: iska ta rinjayi isansi. Wannan haɗin wutarsa ta fi zafi, kuma shi ke kawo ƙarar tsakuwar da ka ce kana ji. Ƙarar nan ba wani ƙarfe ne ya kwance ba. Haɗin ne ke fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kan fistan kamar guduma. In aka bar shi, har huda fistan yake yi, na sha cire fistan mai rami a tsakiya wanda ɗan yatsa zai shiga.

Mi ke sa isansi ya yi kaɗan? Mafi yawa mu ne da hannunmu. Tunda isansi ya yi tsada, musamman bayan Najeriya ta janye tallafi a 2023, kowa na zuwa yana cewa a rage mini shan mai. Yaron gareji ya murɗe sukurun karbirata, ko ya sauke allura, mai moto ya tafi yana murna lita na kai shi nesa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ni in mutum ya matsa mini, nakan ce masa akwai iyakar da ba na wucewa, in yana so ya je wani wuri. Wani lokacin kuma datti ne ya toshe ƙanƙanin ramin da isansi ke bi a karbirata, ko robar da ta haɗa karbirata da kulas ta tsage saboda rana, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Gwajinta da sauƙi: inji na ralanti, wato yana aiki a tsaye ba a ba shi wuta ba, a fesa ɗan isansi kan robar da hankali, nesa da salansa, in sautin ya canja, tana shan iska. Akwai masu cire soson filta gaba ɗaya wai moto ya numfasa. A garin da hunturu ke cika mana hanci da ƙura, wannan zuba wa silinda yashi ne, ga ƙarin iskar da ba a auna ba. Sai kuma isansin kansa. Ba na zagin ƴan ruwa-ruwa, da yawansu mutanen kirki ne kuma da su gari ke tafiya. Amma kwalbar da aka surka da kananzir tana sa ƙarar nan ko da komai na injinka daidai ne. In ka lura ƙarar na zuwa ne bayan ka sha a wani wuri, ka canja wuri mako guda ka gani.

Mutuwar da yake yi ya ƙi tashi sai ya huce, wannan sufaf nake fara zargi, wato ƴan marufan da ke buɗe wa haɗin isansi ya shiga silinda, hayaƙi kuma ya fita. Akwai ƴar tazara da ake bari tsakanin sufaf da abin da ke danna shi, siririya ƙwarai, a irin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.05 da 0.08. Da tafiya ta yi tafiya tazarar kan ƙare. In inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, sufaf ba ya rufewa ruf, matsi ya zube, moto ya mutu. Ya huce, ƙarfe ya koma, ya tashi kamar ba shi ba. Mugun abin shi ne sufaf ɗin hayaƙi ta wurin zamansa a kan kulas yake sauke zafinsa, in bai zauna ba ƙonewa yake yi. Saitin na minti 20 ne, amma sai inji ya yi sanyi sarai, kuma da ma'auni, ba da kunne ba. Masu moto na son a ɗaure sufaf don inji ya yi shiru. Ni na fi son in ji ɗan cak-cak kaɗan. In sufaf daidai yake, a duba bobin da akwatin wuta, masu aika wa buji wuta, su ma akwai masu yanke wuta in sun gasu: lokacin da ya mutu, a cire buji a jingina shi da jikin inji a buga, in babu tartsatsi an kama ɓarawo.

Haƙarƙarin silinda kuwa ka tsuguna ka leƙa tsakaninsu. Ɗan yoyon mai ya haɗu da ƙurar Maradi, ya zama wani baƙin kwaɓi da ke cike ramukan, inji ya koma kamar wanda aka lulluɓa wa bargo. A kankare shi da tsohon buroshi da ɗan gazuwal, da safe, inji na sanyi. Kayan ado ma na da laifi. Kafet ɗin da ake ratayawa gaba don kare ƙafa, faifan roba a gaban inji, fentin da ake lafta wa silinda don ta yi ƙyalli, kowanne na tare iska ko riƙe zafi. Masu sukuta su kuma nasu kuskuren a juye yake: injinsu na da fanka da murfin roba mai jan iska ya zagaya silinda, sai wani ya cire murfin wai inji ya sha iska. Ya kashe sanyayawar ke nan.

Saura hannunka. Na tsaya bakin kasuwa na kalli yadda kuke yi: giya ta shiga, kuloci a rabi, ana ta ba da wuta vum-vum don mai kura ya kauce. Kowane murɗi itace ne ka ƙara a murhu, iska kuwa babu. In layi ya tsaya, ka sa firi ka saki kuloci. In ka ga tsayuwar za ta wuce minti 1 ko 2, misali kamiyo na juyawa ko an tare hanya don sallar Juma'a, ka kashe. Ƙafa ɗaya ce ta tayar da shi, ga isansi ka adana. Ralanti kada ya wuce wajen 1400. Yawancinku kun ɗaga shi don kada moto ya mutu, maimakon a gyara abin da ke kashe shi. Kada kuma ka ja mutum biyu da buhu a giya ta 3 kana tafiyar hawainiya, inji na gurnani. Ka sauko giya. Birkin da ke kamawa, sarƙar da aka ɗaure tamau, tayar da ba iska, duk kaya ne da ba a biya ka kuɗinsu ba. Ranar da ƙarar ta taso ko ka ji ƙarfi na tafiya, ka ba fasinja haƙuri, ka nemi inuwar bedi, ka kashe, ka ba shi minti 15 zuwa 20, ka duba mai kafin ka tayar. In ka ji ya riƙe lokaci ɗaya kamar an taka birki, ka damƙe kuloci nan take, kuma kada ka tilasta masa tashi.

Lagireton mai da abokinka ya ce, ba ƙarya ba ne, yana rage zafin mai a doguwar hanya. Amma shi ma iskar gudu yake jira, a cunkoso tare za ku tsaya. Ga pompon man waɗannan ƙananan injuna ba shi da ƙarfin a zo a gani, ga tiyo biyu da aka ƙara waɗanda in ɗaya ya fashe litarka guda ta ƙare kafin ka ankara. Ban hana ka ba, amma ka gyara mai, karbirata da sufaf tukuna. Ina kyautata zaton bayan nan ba za ka sake tuna shi ba.

Na yayanka labarinsa daban ne, tunda mai ruwa ne. Shi a cunkoso ransa na hannun fanka. In yana lafiya a hanya yana tafasa a tsaye, fankar za a fara dubawa: a bar shi yana ralanti a gani ko za ta tashi da kanta in zafi ya kai wajen digiri 100. In ba ta tashi ba, fis ne, ko ɗan makunnin zafi da ke jikin lagireto, ko waya ta tsinke, ko fankar ta ƙone. Wani da ke jigilar aya daga ƙauye ya taɓa kawo mini nasa, na haska fitila ta bayan lagireton, ko ɗigon haske bai ratso ba. Ƙaiƙayi, laka da wata baƙar leda sun like shi kamar an yaɓe bango. Muka wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don ƙarfin injin wanki na kwantar da siraran ganyayyakin. Da na buɗe murfi kuma, ciki fari-fari da ja-ja, irin abin da ke taruwa a gindin butar shayi. Ruwan rijiya yake zubawa shekara biyu.

Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. Ruwan lagireto na gaskiya, wanda aka haɗa rabi da rabi, a ƙarƙashin murfi mai riƙe matsin bar 1.1, sai ya wuce 120 kafin ya tafasa, kuma yana hana tsatsa. Ka ga ashe murfin nan ba marufi ba ne kawai. In robarsa ta mutu ko an ɗaure bakin da leda da ƙyauro, ruwa zai yi ta amai ko da komai lafiya. Kuma don Allah kada ya buɗe shi da zafi, na ga fuskar da tururin nan ya saɓule. Masu cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, su jefar, in ya mutu a rufe gara a sa sabo. A wasu injuna cire shi na sa ruwa ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanya bai bi lagireto sosai ba. Bayan an canja ruwa a tabbata an fitar da iskar da ta maƙale, in ba haka ba pompo na juyawa a banza. In kuwa ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko ana ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ko man inji ya koma launin shayi da madara, juwan kulas ya ƙone, ya ajiye shi kada ya ƙara ko mita ɗaya da kaya. Tsohon ruwan da aka zubar kuma guba ne mai zaƙi-zaƙi, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai baki.

Kai kuma in za ka kai naka gareji, wurina ko wurin wani, ka kai shi da yamma bayan ka gama yini, kuma kada ka wanke shi. Ƙurar da ta manne ita ke nuna mana inda mai ke fita, bujin kuma yana ɗauke da labarin ranar. A duba wuta da robar karbirata yana da zafi, ka bar shi ya kwana, da safe a saita sufaf a yi juye. Ka zo da galan ɗin man da ka saba saye in gan shi.